Ginshiƙi da Rahoto: Waiwaye a Kan Tushen Ilimin Riƙe Ƙasa a Ramukan Haƙar Kwal

Tsakure

Ilimin riƙe ƙasa fanni ne da ke nazarin yadda za a buɗe rami a ƙarƙashin ƙasa, a yi aiki a cikinsa, a fito, ba tare da rufinsa ko bangonsa ya rufta wa mutane ba. Wannan maƙala ta bi sawun wani yanki na tarihin fannin ta hanyar haɗurra biyu: na Coalbrook a Afirka ta Kudu (1960) da na Crandall Canyon a Amurka (2007). An yi bayanin ƙa'idar lissafin ƙarfin ginshiƙin kwal wadda Salamon da Munro suka fitar a 1967, da inda ta yi amfani da inda ta gaza. Maƙalar ta nuna cewa lissafin injiniya a wannan fanni ya dogara ne kacokan a kan labarin abin da ya faru, kuma a haɗurran biyu ƙasa ta yi gargaɗi amma labarin gargaɗin bai isa inda ya kamata ba. Daga nan aka dubi matsayin harshe a cikin lamarin, da abin da ya rataya a wuyan manazarta Hausa.

Fitilun Kalmomi: riƙe ƙasa, ginshiƙi, rarar ƙarfi, kwal, Fanakalo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro da damina ya san cewa rufin ƙasa ba ya faɗuwa bagatatan. Azara takan yi ƙara, ɓarɓashin ƙasa yakan zubo, tsaga takan bayyana a inda babu ita jiya. Mai gida mai hankali yakan fitar da iyalinsa tun kafin gari ya waye. Abin da ke saman mai haƙar kwal shi ma rufi ne, sai dai kaurinsa kan kai mita ɗari ko ɗari biyar na dutse, kuma ba shi ne mai ikon cewa a fita ba.

A tarihin haƙar kwal, tashin gobara da fashewar iskar gas su suka fi jan hankalin 'yan jarida, domin sukan kashe mutane da yawa a lokaci guda. Amma ruftawar rufi ita ta fi yawan kisa, tana ɗaukar mutum ɗaya yau, biyu gobe. A Amurka, a shekarun 1960, faɗuwar rufi tana kashe kimanin mutum 100 kowace shekara a ramukan kwal. Sai a 2016 aka samu shekarar farko da ba ta kashe ko mutum ɗaya ba. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai dokar 1969 wadda ta wajabta wa kowace mahaƙa ta gabatar da rubutaccen tsarin riƙe rufinta, akwai yaɗuwar ƙusoshin rufi waɗanda ake kafawa cikin dutse su ɗinke shimfiɗunsa wuri guda, akwai kuma haramta wa ma'aikaci taka ƙafarsa a inda ba a riga an tokare ba. Wannan maƙala ba za ta iya kewaye duk wannan ba. Ta taƙaita ne a kan ginshiƙi, domin a nan ne aka fi ganin yadda ilimin ya samo asali.

2.0 Tsarin Ɗaki da Ginshiƙi

Kwal yakan kwanta ne a shimfiɗe, kamar tabarma, tsakanin duwatsu. A tsarin da ake kira ɗaki da ginshiƙi, ana yanka hanyoyi a cikin shimfiɗar, wasu a tsaye wasu a gicciye, a bar dunƙulen kwal mai kusurwa huɗu a tsakaninsu. Wannan dunƙulen da aka bari shi ne ginshiƙi. Ba gina shi ake yi ba, barin sa ake yi, kuma a nan matsalar take, domin abin da ke riƙe da rufin shi ne kuma hajar da ake sayarwa. Duk mita ɗaya da aka ƙara wa ginshiƙi kuɗi ne aka binne, duk mita ɗaya da aka zabge masa kuwa rai ne aka sa a caca.

Nauyin da ke kan ginshiƙi ba shi da wuyar ƙiyastawa. Dutsen da ke sama yana danna ƙasa da matsin da ya kai kusan megafaskal 0.025 a kowace mita ta zurfi, wato megafaskal 2.5 a zurfin mita 100. Kafin a yi haƙa, shimfiɗar kwal duka ce ke ɗauke da wannan nauyi. Bayan an kwashe wani kaso, nauyin bai ragu ba, masu ɗaukarsa ne suka ragu. Kowane ginshiƙi sai ya ɗauki nasa rabon ya haɗa da na hanyoyin da ke kewaye da shi. Abin da ya gagari masana shekaru da dama shi ne ɗaya ɓangaren: nawa ne ginshiƙin zai iya ɗauka kafin ya durƙushe? Ƙaramin gutsuren kwal da aka matse a ɗakin gwaji yakan nuna ƙarfin da ya ninka na babban ginshiƙi, saboda babban yana cike da tsagogin da ƙaramin ba shi da su. Don haka har zuwa 1960, a Afirka ta Kudu, girman ginshiƙi yana bin al'adar mahaƙa ne da ganin damar manaja.

3.0 Coalbrook, 21 ga Janairu, 1960

Mahaƙar Coalbrook tana kusa da Sasolburg, a lardin da ake kira Orange Free State a wancan lokaci. A tsakiyar shekarun 1950 aka buɗe tashar wutar lantarki ta Taaibos a kusa da ita, sai buƙatar kwal ta yi tashin gwauron zabi. Abin da mahaƙar ke fitarwa ya tashi daga kimanin tan 134,000 a 1954 zuwa fiye da tan miliyan 2 a 1958. Hanya mafi sauƙi ta samun wannan ƙari ita ce komawa tsofaffin sassa a ƙara kwasar abin da aka bari. Aka riƙa sassaƙe kwal ɗin da ke manne da rufi, wanda ya mayar da gajerun ginshiƙai dogaye, aka kuma riƙa rage musu faɗi.

Ranar 28 ga Disamba, 1959, wani yanki na sashe na 10, inda aka yi gwajin irin wannan ƙarin kwasa, ya rufta. Ba a rasa rai ba, kuma ba a kai rahoton ga jami'in gwamnati mai duba ramukan haƙa ba. Aka ci gaba da aiki. Da la'asar ɗin 21 ga Janairu ma'aikata suka soma jin ƙara kamar ta harbin bindiga daga wajen wannan sashe, sannan wata iska mai ƙarfi ta taso ta ratsa hanyoyin, alamar cewa wani wuri ya sake zubowa. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna cewa wasu daga cikin waɗanda suka tsere zuwa bakin rami an umarce su da su koma bakin aiki. Bayan magariba, wajen ƙarfe bakwai da rabi, ginshiƙai suka shiga karyewa ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaya ya faɗi sai nauyinsa ya koma kan maƙwabcinsa, wanda dama da ƙyar yake ɗauke da nasa. Cikin ɗan lokaci fili mai faɗin hekta 324 ya zauna. Mutum 437 ne suka mutu, galibinsu 'yan ci-rani daga Lesoto da Mozambik. An yi kusan mako biyu ana huda ƙasa daga sama ana saurare, sannan aka haƙura. Ba a fito da gawa ko ɗaya ba.

3.1 Ƙa'idar Salamon da Munro

Bayan wannan musiba, gwamnati da ƙungiyar masu ramukan haƙa suka ware kuɗi don bincike. Daga cikin waɗanda suka ɗauki aikin akwai M. D. G. Salamon, injiniya ɗan asalin Hungari, da abokin aikinsa A. H. Munro. Hanyar da suka bi ita ce ta fi ba marubucin wannan maƙala sha'awa, domin ta fi kama da aikin mai tattara tarihi fiye da na mai ɗakin gwaji. Sun nemi bayanai ne daga ramukan ƙasar: a ina aka taɓa samun ruftawa, mene ne zurfin wurin, nawa ne faɗin ginshiƙi da tsayinsa da faɗin hanya? A ina kuma ginshiƙai suka daɗe a tsaye lafiya? Suka tace abin da suka samu har ya rage misalai 125, wato 27 da suka rufta da 98 da suka tsaya. Daga nan suka yi amfani da lissafin ƙididdiga suka nemo ƙa'idar da ta fi dacewa da waɗannan misalai, suka buga ta a 1967:

Ƙ = 7.2 × f^0.46 ÷ t^0.66

A nan Ƙ shi ne ƙarfin ginshiƙi da ma'aunin megafaskal, f faɗinsa, t kuwa tsayinsa, duka da mita. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce, idan aka ninka faɗin ginshiƙi ƙarfinsa zai ƙaru da kusan kashi 38 cikin 100, idan kuwa tsayinsa aka ninka ƙarfin zai ragu da kusan kashi 37 cikin 100. Idan aka raba ƙarfin da nauyin da ke kansa, abin da ya fito shi ne wannan maƙala ta kira rarar ƙarfi. Idan ta tsaya a 1.0, ƙarfi da nauyi sun yi kunnen doki ke nan. Shawarar da aka bayar ita ce a tsara ginshiƙai a kan 1.6.

Ga misali na lissafi, wanda aka ƙago don bayani kawai. A ɗauka zurfin mahaƙa mita 100 ne, faɗin ginshiƙi mita 10, faɗin hanya mita 6, tsayi mita 3. Kowane ginshiƙi mai murabba'in mita 100 yana riƙe da rufi mai murabba'in mita 256, don haka matsin da ke kansa megafaskal 6.4 ne. Ƙarfinsa bisa ƙa'idar ya ɗan haura 10. Rarar ƙarfi ta kusa 1.6, lafiya lau. To, a sassaƙe kwal ɗin sama har tsayin ya kai mita 5.5. Nauyi bai canja ba, amma ƙarfi ya sauko zuwa 6.7, rarar ta koma 1.05. A ƙara zabge rabin mita daga kowane gefe, faɗin ya koma mita 9. Yanzu matsi ya hau 7.9, ƙarfi ya sauka 6.4, rarar ta faɗo 0.8. Mai tafiya a cikin hanyar ba lallai ne idonsa ya ga wani babban bambanci ba, alhali wurin ya riga ya zama kabari mai jiran lokaci.

Ƙa'idar ta yi aiki ƙwarai, har aka ɗauki salonta a wasu ƙasashe kamar Ostireliya. A gefe guda kuma Z. T. Bieniawski da abokan aikinsa sun bi wata hanyar, suka riƙa yanke manyan dunƙulen kwal a cikin rami suna matse su har su fashe, kuma ƙa'idar da ta fito daga nan ta samu karɓuwa a Amurka. Sai dai ƙa'idar da aka ciro daga misalai ba ta san abin da ba ya cikin misalanta ba. Ginshiƙan da suka rufta a cikin bayanan 1967 duk sirara ne, faɗinsu bai kai ninki huɗu na tsayinsu ba, don haka a 1982 sai da Salamon ya fitar da wata ƙa'idar daban domin ginshiƙai masu faɗi sosai. Haka kuma lamba 7.2 matsakaici ne na kwal ɗin ƙasar baki ɗaya. A 1993 J. N. van der Merwe ya nuna cewa kwal ɗin kwarin Vaal ya fi haka rauni, kuma ginshiƙai sun rufta a can duk da lissafi ya ce suna da rara. Abin lura shi ne, a wannan kwari ne Coalbrook ɗin kanta take.

4.0 Crandall Canyon, Agusta 2007

Mai karatu zai iya cewa abin da ya faru a 1960 laifin rashin sani ne da mulkin wariyar launin fata. Shi ya sa ya dace a tsallaka shekara 47 zuwa jihar Yuta ta Amurka, inda akwai doka, akwai hukuma, akwai kwamfuta. A mahaƙar Crandall Canyon, wadda zurfinta ya haura mita 500 a wasu wurare, an riga an kwashe kwal ɗin dama da hagu, aka bar manyan katangun kwal biyu suna kare babbar hanyar da ke tsakiya. Kamfanin ya yanke shawarar shiga cikin katangun nan, ya yanka su ginshiƙai, sannan ya riƙa cinye ginshiƙan yana ja da baya. A irin wannan zurfi kwal ba ya murmushewa sannu a hankali, fashewa yake yi ya watso cikin hanya.

A watan Maris na 2007 aka samu irin wannan fashewa a katangar arewa, mai tsananin da ya sa aka bar wurin. Sai aka koma katangar kudu da ɗan gyara a tsarin. Da tsakar daren 6 ga Agusta ginshiƙan suka fashe a jere, har na'urorin auna girgizar ƙasa suka nuna maki 3.9. Mutum shida suka maƙale. Ranar 16 ga wata wata fashewar ta kashe uku daga cikin masu aikin ceto, ɗaya daga cikinsu jami'in hukumar kula da tsaron ramukan haƙa ne, wato MSHA. Mai kamfanin ya dage cewa girgizar ƙasa ce ta jawo ruftawar, amma masana na Jami'ar Yuta suka nuna cewa ruftawar ce ta haifar da girgizar.

A lokacin akwai manhajar ARMPS, wadda Christopher Mark da Frank Chase na cibiyar NIOSH suka fitar a 1997 domin irin wannan haƙa ta ja-da-baya. Ita ma an gina ta ne a kan tarin misalan wuraren da aka yi nasara da waɗanda aka yi asara. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ginshiƙan ba su kai mizanin da manhajar ta ba da shawara ba. Rahoton MSHA na 2008 ya ce tsarin haƙar gurɓatacce ne, kuma sau uku ana samun fashewa kamfanin bai kai rahoto yadda doka ta tanada ba, na ƙarshe kwana uku kacal kafin musibar. An ci kamfanin tarar fiye da dala miliyan 1.6, kamfanin injiniyoyin da ya yi lissafin kuma dala 220,000. Ita kanta hukumar ta sha suka, domin da amincewarta aka fara aikin.

5.0 Harshen Umarni da Harshen Gargaɗi

Ruwa ba ya tsami banza. A Coalbrook akwai 28 ga Disamba, a Crandall Canyon akwai watan Maris. Kuma a ko'ina, wanda ya fara sanin halin da rufi ke ciki shi ne wanda ke tsaye a ƙarƙashinsa. Tsohuwar dabarar masu haƙa ita ce ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe: dutse mai lafiya yakan yi amo tsantsan, wanda ya rabu da na samansa kuwa yakan yi amo irin na ganga. Itacen tokara ma yakan yi ƙara kafin ya karye, shi ya sa lokacin da ƙusoshin rufi suka shigo, wasu tsofaffin ma'aikata suka ƙi sakin jiki da su, suna cewa ƙarfe ba ya magana.

Tambayar da ta shafi masu nazarin harshe ita ce: da wane harshe wannan sani zai hau sama? A ramukan Afirka ta Kudu, Turawa masu ba da umarni da leburori masu jin Sesoto ko Tsonga ko Kosa suna magana ne da Fanakalo, wani buroka da akasarin kalmominsa daga Zulu suke, da ɗan Ingilishi da Afirkans. Harshe ne da ya isa a ce ɗauko, kawo, yi sauri. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Leon, wanda ya ba da rahotonsa a 1995, ya soki dogaro da shi a kan cewa kalmominsa sun yi ƙaranci, ba zai iya ɗaukar bayani mai zurfi game da yanayin haɗari da tushensa ba. Dokar da ta biyo baya a 1996 ta ba ma'aikaci 'yancin barin wurin da ya ga yana da haɗari.

A ra'ayin marubucin, bai kamata a ɗora wa Fanakalo laifin da ba nasa ba. Mutanen Coalbrook da suka gudu sun isar da saƙonsu da ƙafafunsu, babu wanda bai fahimta ba, kuma a Yuta rahoton da aka ƙi kaiwa da Ingilishi za a rubuta shi. Ƙarancin kalmomi matsala ce, amma wadda ta fi ta ita ce ko maganar wa ake ɗauka a matsayin hujja.

6.0 Ramukan da Babu Mai Rubuta Labarinsu

Wannan batu bai yi nisa da masu jin Hausa ba. A Akuta, kusa da Arlit a Jamhuriyar Nijar, an haƙi yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa da tsarin ɗaki da ginshiƙi, a zurfin kimanin mita 250, daga 1978 har aka rufe mahaƙar a Maris na 2021. Wannan aikin kamfani ne mai injiniyoyi da taswira. Akasarin Hausawan da ke shiga rami kuwa da diga da shebur da igiya suke shiga, neman zinare a Zamfara da Maraɗi, ko kuza a tsaunukan Jos. A Nuwamba 2021 ramukan zinare suka rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Nijeriya, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Ba za a ɗauko ƙa'idar 1967 a ɗora wa waɗannan ramuka ba, domin kwal daban, jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ruwan damina ya jiƙa daban. Abin da za a iya ɗauka shi ne hanyar da aka bi aka same ta. Zurfin rami, tazarar da ke tsakaninsa da na kusa, kaurin abin da aka bari tsakanin ramuka biyu da suka haɗu a ƙasa, watan da abin ya faru, da abin da aka ji ko aka gani kafin ya faru, duk suna nan a bakin masu haƙa, kuma da Hausa suke. Injiniya ba a horar da shi yin hira ba, mai nazarin Hausa kuwa sana'arsa ce. Shi ne zai iya bambance abin da mai haƙa ke nufi idan ya ce ƙasa ta zabtare da idan ya ce ta zauna ko ta rufta, ya kuma tattara sunayen da suke ba ire-iren ƙasa da dutse kafin a zauna a ofis a ƙirƙiro musu wasu. Kalmomin da aka yi amfani da su a wannan maƙala, irin su riƙe ƙasa da rarar ƙarfi, na wucin gadi ne har sai an ji na masu sana'ar.

Mai fita irin wannan aiki zai tarar cewa labarin ramin da ya kashe mutane shi kowa ke son bayarwa. Sai ya tuna cewa a cikin misalai 125 na Salamon da Munro, 98 na wuraren da babu abin da ya faru ne, kuma ba don su ba da ba a san inda iyakar take ba. Don haka dole ya nemi a kai shi ramin da aka yi damina biyar ana shiga ana fita lafiya, ya sa a auna shi, ya tambayi wanda ya haƙa shi dalilin da ya sa ya tsaya a inda ya tsaya.